Shirya Gajeren Fim ɗin Kaboyi da Kuɗin Aljihunka: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na taya wani abokina aikin gajeren fim ɗinsa na kaboyi a jihar Niyu Meksiko da ke Amurka, matasa masu sha'awar harkar fim suke aiko mini da tambayoyi, kusan duk iri ɗaya. Fim ɗin na minti 14 ne. Mu 11 muka yi shi cikin kwana 4, da dawaki biyu, babu wani kamfani a bayanmu. Ni ne mataimakin darakta, wato mai riƙe jadawali da kallon agogo. Ga tambayoyin da suka fi yawa, da abin da na sani a kansu.

Wai mene ne ma fim ɗin kaboyi?

Fim ne da ake gina labarinsa a yammacin Amurka, galibi tsakanin ƙarshen yaƙin basasarsu a 1865 da wajejen 1900. A wannan tsakanin ne aka haɗe layin dogo daga gabas zuwa yamma a yankin da ya zama jihar Yuta a baya, wato a 1869, makiyaya suna koro garken shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgi na Kansas irin su Abilene da Dodge City, gwamnati kuma tana raba filaye ga baƙi tana ture 'yan asalin ƙasar daga inda suka gada. Hukuma tana nesa, alƙali sai an yi tafiyar kwanaki kafin a gan shi, ruwa da fili kuwa kowa yana so. Wannan nisan da doka ta yi shi ne ƙashin bayan fim ɗin kaboyi. Malafa da bindiga da doki ado ne da ke biyo baya.

Irin fim ɗin da muka yi ana ce masa mai zaman kansa, ana nufin babu babban kamfani da ya zuba kuɗi. Kai ne furodusa, sau da yawa kai ne marubuci, kai ne darakta.

Gajeren fim minti nawa ne?

Masu ba da kyautar Oscar suna ɗaukar duk fim ɗin da bai wuce minti 40 ba a matsayin gajere, har da sunayen da ke bi a ƙarshe. Gasar gajerun finafinai ta bikin Cannes a Faransa kuwa minti 15 ta yanke. Shawarata ka tsaya tsakanin minti 8 da 15. Shafi ɗaya na rubutun fim yakan ba da kusan minti ɗaya, amma a fim ɗin kaboyi lissafin yakan zarce, don layi guda da ka rubuta cewa mutum ya taho a kan doki daga nesa zai iya cin rabin minti shi kaɗai.

Kada gajarta ta sa ka raina aikin. Fim ɗin da ake yawan ambata a matsayin kakan finafinan kaboyi, The Great Train Robbery na 1903, kusan minti 12 ne, kuma a jihar Niyu Jazi da ke gabashin Amurka aka ɗauke shi, nesa da hamadar yamma.

Wane irin labari ne zai dace?

A nan mafi yawan masu farawa suke faɗuwa, tun kafin a kunna kyamara. Mutum ya zauna ya rubuta fashin jirgin ƙasa, da gari cike da jama'a, da mahaya 20 suna sukuwa, alhali a aljihunsa kuɗin hayar doki ɗaya ne. Daidai ruwa daidai tsaki. Fara da lissafa abin da ke hannunka: wane fili za ka samu, doki nawa, 'yan wasa nawa ne za su iya ba ka kwana 3 a jere. A kan wannan za ka rubuta.

Abin da gajeren fim ɗin kaboyi yake buƙata mutum ɗaya ne da wata matsananciyar shawara a gabansa, a wurin da babu wanda zai yanke masa ita. Mace ita kaɗai a bukka, baƙo ya iso da rauni da almuru, ta kuma gane dokin da yake kai na mijinta ne. Mutum biyu a bakin rijiya ɗaya, ruwan ba zai ishi dabbobin duka ba. Namu fim ɗin a kan wani dattijo ne da aka aika ya kamo yaron da ya saci doki, ya same shi, ya ga dalilin satar. Wuri biyu kawai muka yi amfani da su, kuma mutum uku ne suka yi magana.

Tarihin ma cike yake da irin wannan, ba sai ka kwaikwayi kowa ba. Dokar raba filaye ta 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma shekara 5 eka 160. A 1874 Joseph Glidden ya yi rajistar wayar shinge mai ƙaya, cikin 'yan shekaru ta toshe hanyoyin da shanu suka saba bi. A 1892 manyan masu garke a jihar Wayomin suka yi hayar 'yan bindiga daga Teksas don su far wa ƙananan mazauna yankin Johnson. Duk wanda ya san rigimar gona da burtali zai gane zafin waɗannan labarai ba sai an fassara masa ba.

Kwafar labarin wani kuma tana da hatsari ko ga manya. Lokacin da daraktan Italiya Sergio Leone ya fitar da fim ɗinsa na kaboyi na farko a 1964, kamfanin Toho na Japan ya bi shi da ƙara saboda ya ɗauko labarin wani fim ɗin Akira Kurosawa na 1961 ba izini, sai da aka biya su.

Dole ne a ƙare da mutum biyu sun fuskanci juna a tsakiyar titi?

A'a. A zahiri ma irin wannan karon bai cika faruwa ba. Wanda aka fi sani shi ne na Wild Bill Hickok da Davis Tutt a garin Springfield na jihar Mizuri a 1865. Shahararren artabun garin Tombstone da ke Arizona na ranar 26 ga Oktoba, 1881, bai wuce kamar sakan 30 ba, mutum uku suka mutu, kuma a kusa da kusa aka yi shi cikin ruɗani. Garuruwa irin su Tombstone da Dodge City har doka suke da ita ta hana yawo da bindiga a cikin gari.

Idan labarinka ya kai ga harbi, jiran da ke gabansa ne yake riƙe mai kallo: ido, yatsa, ƙuda a kan fuska, iskar da ke kaɗa ƙofa. Harbin kansa sakan ɗaya ne. Idan kuma labarin bai nemi harbi ba, bar shi. Mu harbi ɗaya muka yi a duk fim ɗin, shi ma ba a nuna shi ba, ƙararsa kawai aka ji daga bayan tsauni.

Ni baƙar fata ne. Zai yi tsari in fito a matsayin kaboyi?

Ƙwarai kuwa, kuma tarihi yana bayanka. Masana da dama sun kiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan da suka koro shanu daga Teksas baƙaƙe ne, da yawansu bayi ne da suka sami 'yanci bayan 1865. Sana'ar kanta daga makiyayan Meksiko aka koye ta, har da salon sirdi da jifan igiya. Bass Reeves, wanda aka haifa cikin bauta, ya yi fiye da shekara 30 yana aikin kama masu laifi da sunan gwamnatin tarayya a yankin da ya zama jihar Oklahoma. Finafinan Holiwud ne suka daɗe suna share waɗannan mutane daga hoto.

Abin da zan roƙe ka a nan shi ne batun 'yan asalin ƙasar, irin su Nabaho da Afashi da Lakota. An daɗe ana nuna su a matsayin maharan da ba su da suna, sau da yawa ma Turawa ake shafa wa launi su fito a madadinsu. Mutane ne masu rai har yau, kowace al'umma da harshenta da suturarta. Idan babu ɗan al'ummar a cikin masu rubutu da masu wasa, kada ka saka su a labarinka.

A ina ake ɗauka?

Manyan duwatsun nan jajaye da kowa ya sani daga finafinan darakta John Ford suna Monument Valley ne, a kan iyakar Arizona da Yuta, cikin ƙasar Nabaho, kuma daga hukumarsu ake neman izini. Akwai Alabama Hills kusa da garin Lone Pine a Kalifoniya. Akwai garuruwan katako da aka gina musamman don fim ana ba da hayarsu, kamar Old Tucson a Arizona da aka gina a 1939, da wasu gandaye a kewayen Santa Fe, babban birnin Niyu Meksiko. A Turai kuwa hamadar Tabernas ce a lardin Almeriya na Sifen, inda Italiyawa suka yi finafinansu na kaboyi a shekarun 1960, kuma garuruwan da aka gina a lokacin wasunsu suna nan tsaye. A can daraktan Sifen Pedro Almodóvar ya ɗauki gajeren fim ɗinsa na kaboyi mai kusan rabin awa wanda aka nuna a Cannes a 2023.

Hayar irin waɗannan garuruwa takan yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi. Gandun wani makiyayi mai tsohuwar bukka da shingen itace ya ishe ka, mu ma haka muka yi. Zuwa da kai ya fi saƙo: je wurin da kanka a daidai lokacin da kake son ɗauka, ka juya kowace kusurwa kana neman turakun lantarki, da sawun tayar mota, da farin layin da jirgin sama yake bari a sararin samaniya. Sannan ka rufe ido ka saurara, ko akwai babban titi a kusa.

Sai da izini ko da a daji ne?

E. Dajin da kake gani kamar ba na kowa ba yana da mai shi. A yammacin Amurka fili mai yawan gaske yana hannun hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, wani na jiha ne, wani na al'ummomin 'yan asali, wani na mutum ne. Tambayi ofishin harkar fim na jihar, su za su nuna maka ƙofar da za ka buga. Galibin masu ba da wuri za su nemi takardar inshora kafin su bar ka ka sauke kaya. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto kuma an hana tashinsa a gandayen shaƙatawa na ƙasa. Ko mai fili abokinka ne, ku rubuta yarjejeniya ku sa hannu.

Yaya za mu yi da bindiga? Wani ya ce zai ara mana ta gaske.

Kada ka karɓa. Wannan ita ce amsar da na fi so ka riƙe a duk cikin rubutun nan.

Ranar 21 ga Oktoba, 2021, ana gwajin wata fitowa a fim ɗin kaboyi mai suna Rust a gandun Bonanza Creek kusa da Santa Fe, bindigar da ke hannun jarumin ta tashi da harsashi na gaske. Mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta rasu, darakta Joel Souza ya ji rauni. A 2024 kotu ta sami mai kula da makaman fim ɗin da laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke mata wata 18. Wannan fim ne mai ma'aikata da yawa da kuɗi na miliyoyin daloli. To ina ga ku 10 da kowa yake riƙe da aiki uku?

Harsashin da ake ce wa na ƙarya, mai albarushi babu dalma, shi ma yana kisa idan an matso. A 1984 ɗan wasa Jon-Erik Hexum ya kara irin wannan bindiga a kansa cikin wasa, ƙarfin fitar iskar ya fasa masa ƙashin kai, ya mutu. A 1993 Brandon Lee ya mutu saboda wata dalma da ta maƙale a bututun bindiga, harsashin ƙarya ya turo ta.

Abin yi shi ne ka sayi ko ka yi hayar bindigar kwaikwayo wadda ba a ƙera ta don ta yi harbi ba ko kaɗan, ta ƙarfe don ɗaukar kusa, ta roba don gudu da faɗuwa. Wutar bakin bindiga hoto ɗaya ko biyu ce cikin 24 da ke wucewa a sakan guda, edita zai saka ta a kwamfuta. Abin da mutane suke mantawa shi ne hayaƙi: albarushin wancan zamani baƙi ne, yana fitar da farin hayaƙi mai kauri, don haka a ƙara shi. Ɗan wasa kuma ya koyi yadda hannu yake girgiza bayan harbi. Bindigar Colt ta 1873 sai an ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi, ramin harsashi shida ne da ita, masu hankali ma biyar suke cikawa. Mai kallon da ya san abin yana ƙirgawa.

Duk da cewa namu na kwaikwayo ne, mun ɗora wa mutum ɗaya alhakinsu. Kowace safiya yakan buɗe akwatin a gaban kowa, ya ɗaga kowace bindiga, ya haska tocila cikin bututun ya nuna cewa a toshe yake, ɗan wasan ya leƙa da idonsa, sannan ya karɓa. Da an ce a yanke, bindiga ta koma akwati. Minti 5 abin yake ci, ban taɓa jin wani ya yi ƙorafi ba. Kuma mun sanar da ofishin 'yan sandan yankin tun kafin ranar, don mai wucewa daga nesa ba zai bambance roba da ƙarfe ba.

Doki fa? Jarumina ya ce ya iya hawa.

Kowane ɗan wasa haka yake cewa. Kai shi barga mako biyu kafin ɗauka ka gani da idonka. Hawa daban, hawa ana magana ana tsayawa a kan alamar da aka sa a ƙasa daban.

Doki shi ne zai fi cin kuɗinka da lokacinka, kuma ba shi kaɗai ake haya ba, har da mai kula da shi, wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan duk abin da ya shafi dabbar. Nemi dokin da ya saba da aikin fim. A rana ta biyu ta aikinmu, da hantsi, mun shirya ɗaukar dattijon yana saukowa daga kan goɗiya. Wani yaro cikinmu ya ɗaga faifan azurfa da ake maido da hasken rana da shi, iska ta kaɗa faifan, walƙiyar ta faɗa idon goɗiyar. Ta kafa kunnuwa, ta yi tutsu, ta ja da baya da ƙarfi, ƙafar dattijon ɗaya tana cikin likkafa. Allah ya kiyaye mai kula da ita yana riƙe da ragama, ya bi ta yana yi mata magana a hankali har ta tsaya tana huci. Ya ce ba za a sake hawa ba sai ta huce. Muka zauna awa biyu, hasken da muke so ya wuce, muka soke fitowa guda daga fim ɗin gaba ɗaya. Laifinmu ne, don da safe ya gaya mana a nuna wa dabbobin duk wani abu mai ƙyalli su shinshina kafin a ɗaga shi, muka yi gaggawa.

Saboda haka rubuta fitowar doki kaɗan: isowa, sauka, ɗaurewa a turke, tafiya. Sukuwa a bar wa gwani, a ɗauke shi daga nesa sanye da kayan jarumin. Faɗuwar doki kada ma ka yi tunaninta. A da ana ɗaura wa dawaki waya a ƙafa a fizge su suna gudu, da yawa suka karye suka mutu. Mutuwar wani doki da aka tura daga kan dutse a wani fim na 1939 ce ta sa ƙungiyar kare dabbobi ta American Humane ta fara sa ido a wuraren ɗaukar fim daga 1940. Tanadi ruwa da inuwa don dabbobin kamar yadda za ka tanada wa mutane.

Kayan sawa sai an saya masu tsada?

Gwanjo ya wadatar, in dai za ka tsufar da su. Sabon kaya shi ke tona asirin ƙaramin fim. A jiƙa riga a ruwan shayi, a goge gwiwa da gwiwar hannu da takardar yashi, a shafa ƙasar wurin, a bar shatin gumi a jikin malafa. Kula da abubuwan da babu su a lokacin: zif, agogon hannu, takalmi mai ƙasan roba. Wandon jins mai ƙusa an yi masa rajista a 1873, amma sai 1922 kamfanin Levi's ya sa masa madaukan bel, kafin nan da igiyar kafaɗa ake riƙe shi. Ba kowa ne ma yake sa faffaɗar malafa ba. A sanannen hoton ɗan fashi Butch Cassidy da abokansa na 1900, ƙananan huluna masu zagaye irin na birni suke sanye da su.

Ɗauki hoton kowane ɗan wasa da waya kafin a tashi kowace rana, don ƙurar jiya ta yi daidai da ta yau.

Wace kyamara zan nema?

Wadda mai ɗaukar hotonka ya fi sani. Rana ce za ta ba ka wahala fiye da kyamara. Da tsakar rana malafa takan jefa inuwa ta rufe ido, alhali ido ne rabin wasan. Tsara jadawali yadda hotunan fili mai faɗi za su faɗo da sassafe da la'asar sakaliya, lokacin da inuwa take tsawo, duwatsu suke ja. Tsakar rana a shiga bukka ko a ci abinci. A waje a sa rana a bayan ɗan wasa, a maido masa da haske fuska da farin allo. Sayi baƙin gilashin rage haske da ake ɗaura wa bakin kyamara, in ba haka ba sama za ta fito fari fat. Kada a canja gilashin kyamara a fili ana iska, a shiga mota a rufe ƙofa.

Hoto mai faɗi sosai, wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu, ya dace da irin wannan fim, don yana nuna ƙanƙantar mutum a cikin fili. Sai dai a yanke shawarar tun farko, a sa alama a allon kyamara.

Yanayin wurin ma a yi masa shiri. Santa Fe tana sama da mita 2,000 daga teku, rana tana ƙuna, asuba tana da sanyi mai ratsa ƙashi. Akwai macizai masu kacau-kacau a wutsiya. Daga Yuli zuwa Satumba busasshen kwazazzabo yana iya cika da ruwa nan take saboda ruwan da aka yi a kan tsauni mai nisa, don haka ba a ajiye kaya ko mota a cikinsa.

Me ya sa sautin ƙananan finafinai yake fitowa da muni?

Iska. A fili babu abin da ke tare ta. Makirfo ba tare da rigar gashin nan ba aikin banza ne, kuma mutum guda ya kamata a ware wa sauti, da abin ji a kunnensa, ba shi da wani aiki. Bayan kowace fitowa kowa ya yi shiru minti ɗaya a naɗi ƙarar wurin. Idan iska ta ɓata magana, a ja 'yan wasan cikin mota nan take su maimaita layukansu tun muryar tana bakinsu.

Sauran a gida ake yi, kuma nan daɗin aikin yake: ƙarar kaimi, kukan fatar sirdi, takun takalmi a kan katako, ɗana bindiga. Ɓawon kwakwa biyu a kan tiren yashi har yau yana ba da takun kofato. Finafinan Leone ma kusan duk sautinsu bayan ɗauka aka saka, tunda 'yan wasan kowa da harshen da yake magana. Manhajar DaVinci Resolve tana da samfurin kyauta da zai yi maka haɗa hoto da gyaran launi da sauti.

Zan iya sa kiɗan tsofaffin finafinan kaboyi?

Ba za ka iya ba. Kiɗan Ennio Morricone, mai tsara kiɗan finafinan Leone, wanda ya rasu a 2020, yana da masu haƙƙinsa, kuma bukukuwan fim sukan nemi ka tabbatar cewa duk abin da ke cikin fim ɗinka kana da izininsa. Nemi makaɗi ɗaya mai jita ko goge ya tsara maka naka, ku rubuta yarjejeniya. A minti 12, wuri biyu ko uku ne suke son kiɗa. Sauran a bar wa iska.

Nawa zan kashe, kuma za su dawo?

Adadin ya danganta da ƙasa da yawan kwanaki da dawaki, amma ga yadda nake jera muhimmancinsu: inshora da lafiyar mutane, doki da mai kula da shi, abinci da ruwa da mota, sauti, kaya, sannan kyamara. Mutanen da suka zo taya ka kyauta a rana mai zafi, abinci mai kyau a kan lokaci shi ne mafi ƙarancin haƙƙinsu. Ware wani kaso ka ɓoye don abin da ba ka zata ba, da kuma kuɗin shiga bukukuwa. Idan za ka nemi gudunmawar jama'a ta intanet, ka sani a shafin tara gudunmawa na Kickstarter in ba ka cika adadin da ka sa ba, ko sisi ba za ka karɓa ba.

Batun dawowar kuɗi, gaskiya da wuya gajeren fim ya mayar da abin da aka kashe. Ribarsa ita ce ka koyi aiki, ka sami abin nunawa, ka san mutanen da za ka sake aiki da su. Kada ka ci bashi dominsa.

In na gama, ina zan kai shi?

Yawancin bukukuwan fim ta shafin intanet na FilmFreeway suke karɓa. Babban bikin gajerun finafinai shi ne na Clermont-Ferrand a Faransa, a farkon shekara. Akwai kuma biki na finafinan kaboyi zalla da ake yi a Tabernas. Ga ɗan Afirka akwai bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu, wanda aka fara tun 1969. Karanta sharuɗɗan kowanne kafin ka ɗora fim ɗin a YouTube, don wasu ba sa karɓar wanda ya riga ya fita. Shirya fassarar Turanci a ƙasan hoto, da hotuna masu kyau da aka ɗauka a lokeshin, kuma ajiye kwafin aikin a wuri uku daban-daban.

Za a iya yin sa a ƙasar Hausa, ko sai an je Amurka?

An ma riga an yi. Iyayenmu sun ga finafinan kaboyi a sinimomin Kano irin su Rex, wadda aka buɗe a 1937, daga nan kalmar ta shigo bakinmu. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier, fim ɗin da bai kai minti 40 ba, a kan wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Zalika Souley da Djingarey Maïga suna cikin 'yan wasan. Abin da ya burge ni shi ne Alassane bai yi kamar Nijar ce Teksas ba. Ya bar ƙauyen a ƙauyensa, dattawan a dattawansu, ya nuna abin da kayan aro suke yi wa mai sa su.

Wannan hanyar nake ba ka shawara ka bi. Muna da fako da duwatsu da ƙurar hunturu, muna da dawaki da mahaya da masu ɗinka sirdi, muna da rijiya da burtali da labaran da ke kewaye da su. Sai dai labarin makiyayi da manomi a wurinmu ciwo ne da bai warke ba, akwai waɗanda suka binne 'yan'uwansu a kansa, don haka a rubuta shi da adalci, kada a mai da wata ƙabila muguwa. Halin tsaro kuma ya sa fita daji da abin da ya yi kama da bindiga hatsari ne na gaske. Zaɓi wuri mai aminci kusa da gari, ka fara gaida mai gari ka gaya masa abin da ya kawo ku, ka kai wa 'yan sanda takarda da kwanan wata da sunan wurin, 'yan sa-kan yankin ma su sani. Idan a Kano kake, ka bi ta Hukumar Tace Finafinai ta jihar tun kana kan rubutu.